Wutar Gas a Maƙera: Jan Hankali ga Masu Sha'awar Ƙirar Wuƙa

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na faɗakarwa yana zuwa muku daga nan Gabukka, cikin garin Gombe. Gaisuwa ga mutanen Pantami da Bolari da Jekadafari da Herwagana da Tudun Wada, da duk wanda muryarmu ta isa gare shi a Kumo, Dukku, Bajoga, Deba, Billiri da Kaltungo.

Yau maƙera za mu shiga. Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan a YouTube ko TikTok: mutum tsaye gaban wani ɗan akwatin ƙarfe da wuta ke huci a cikinsa, ya zura guntun ƙarfe, ya fito da shi jawur, ya buga, kafin minti 10 sai ga wuƙa tana walƙiya. Babu gawayi, babu hayaƙi, babu yaro a bakin zuga-zugi. Tukunyar gas ce a gefe, irin wadda uwargida ke girki da ita.

Yawancin masu wannan aiki a ƙasashen Turai da Amurka ba da shi suke ci ba. Wani malamin makaranta ne, wani direba, wani likita. Idan ya tashi daga aiki sai ya shiga bayan gida ya yi ƙira don sha'awa. Abin ya ƙara bazuwa tun shekarar 2015, lokacin da tashar History ta Amurka ta fara nuna wata gasar maƙeran wuƙa mai suna Forged in Fire. To, waya ba ta san iyakar ƙasa ba. Abin da yaron Amurka ya gani, shi ɗanka yake gani a zaure, kuma gas da tsohon ƙarfe da mai walda duk akwai su a garin nan. Saboda haka gara mu yi maganar tun kafin wani ya kunna wuta a ɗakinsa.

Saƙon shirin yau guda ɗaya ne. Gas ya sauƙaƙa hura wuta, amma bai zo da ilimin ƙarfe ba, kuma ya zo da haɗarin da ido ba ya gani. Wanda ke son ƙira da gas yana buƙatar malamai biyu: tsohon maƙeri da zai koya masa ƙarfe, da masanin gas da zai koya masa tsoron tukunya.

(Gajeren kiɗa)

Mu fara da gida. Ƙira ba baƙuwarmu ba ce. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken tarihi sun tono wuraren narkar da tama na mutanen Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. A Kano, tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. A nan ƙasar Gombe, tun daga kafuwar masarauta a hannun Modibbo Buba Yero a 1804, zuwa dawowar hedikwata wannan gari a 1919, babu daminar da ta wuce ba tare da manomi ya je wurin maƙeri ba. Fartanya, garma, lauje, gatari, magirbi, askar wanzami, wuƙar mahauci, linzamin doki, duk daga hannunsa suke fitowa. Shi ya sa sarakuna suka yi sarautar Sarkin Maƙera. A addinance ma, akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunan ƙarfe, Suratul Hadid, kuma maƙera suna alfahari da Annabi Dauda, alaihis salam, wanda Allah Ya tausasa masa ƙarfe.

Ka taɓa zama a rumfar maƙeri ka lura da kyau? Uwar maƙera a kafe a ƙasa. Masaba a hannun dama, awartaki a hagu. Yaro na zuga, ko da zuga-zugin fatar akuya, ko da fankar da aka haɗa da wilin keke. Maƙerin bai cika kallon inda masaba ke sauka ba kamar yadda yake kallon launin ƙarfen. Da ja ya fara dushewa sai ya mayar wuta, ko da kuwa saura bugu ɗaya aikin ya kammala. Kuma za ka ga rumfar da ɗan duhu. Ba rashin kuɗin gyara ba ne. A tsakiyar rana ƙarfe yakan kai zafin da ya wuce kima ido bai ga ja ba. A inuwa ne launi ke faɗin gaskiya. Wannan ilimi babu injin da ke sayar da shi.

To me ya kawo maganar gas? Dalili na farko gawayi ne. Maƙeri ba kowane gawayi yake so ba, na ƙirya ya fi so, domin yana da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya saurin zama toka. Ita kuwa ƙirya a hankali take girma, ga masu turmi da taɓarya na nemanta, ga masu daddawa na buƙatar 'ya'yanta. A yadda ake toya gawayi a rami, kafin a sami kilo 1 sai an ƙone itace kilo 5 zuwa 10. Mu a Gombe mun san abin da rashin bishiya ke jawowa. Kwazazzaban da suka ci gidaje a cikin garin nan shaida ne, kuma shi ne dalilin shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019.

Dalili na biyu, wutar gas tana tsayawa inda aka ajiye ta. Ka saita ta, za ta ci gaba a haka har ka kashe. Ƙarfenka kana ganinsa, ba a binne yake cikin garwashi ba, don haka sabon hannu ba ya yawan ƙone shi. Zafin yana game ruwan wuƙa daga tsini har gindi. Mutum ɗaya ya isa, ba sai da mai zuga ba, kuma maƙwabta ba sa shan hayaƙi.

Amma a faɗi gaskiya, gawayi ma yana da nasa fifikon. Cikin murhun gas ƙarami ne. Garma ko babbar fartanya ba za ta shiga ba. Da gawayi maƙeri zai iya zafafa wuri ɗaya tak, ya bar sauran da sanyi. Gawayi ana samunsa a kowane ƙauye, gas kuwa sai an zo gari, kuma farashinsa hawa da sauka yake yi. Don haka kada wanda ya sayi tukunya ya raina mai zuga-zugi. Murhun gas ya fi dacewa da ƙananan kaya: wuƙar girki, wuƙar yanka, aska, kurfi, ƙugiya.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu duba yadda murhun yake. Sassa huɗu gare shi.

Na farko gangar jiki, wato akwati ko faffaɗan bututun baƙin ƙarfe mai baki a gaba da 'yar kafa a baya. A bidiyo za ku ga ana yanka tsohuwar tukunyar gas a yi gangar jiki da ita. Don Allah kada ku kwaikwayi wannan. Tukunyar da ake cewa ta ƙare, akwai sauran iska a cikinta, tartsatsi ɗaya na injin yanka ya isa ya tarwatsa ta a fuskar mai yankan. A nemi bututu ko falankin ƙarfe, mai walda ya haɗa.

Na biyu rufin ciki, wanda ke tsare zafi. Ana amfani da bulo na musamman mai jure wuta, ko wani farin bargo mai laushi da ake yi da zaren yumɓu, wanda ke ɗaukar zafi har digiri 1,260 a ma'aunin Salshiyas. Akan shimfiɗa shi kaurin santimita 5. Wannan bargo idan aka bar shi tsirara, wuta tana kaɗo ƙananan zaruruwansa su shiga huhu, don haka dole a shafe shi da ƙasar da aka yi domin wuta, kuma mai shimfiɗa shi ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu. Simintin gini kuwa, komai kyansa, ba na wannan aiki ba ne. Akwai ruwa a ƙulle cikinsa. Idan ya ji babbar wuta sai ya fashe, ɓaraguzai su yi tsalle.

Na uku bututun wuta. Gas yana fitowa da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa da faɗinta bai kai milimita 1 ba, gudunsa ya jawo iska daga waje, su gauraya a cikin bututu, su kama a bakin murhu. Idan haɗin ya yi daidai za ka ga harshen wuta shuɗi, ka ji gurnani mai ɗorewa. Iska ta yi yawa, ƙarfe ya dinga yin ɓawo yana zubewa. Gas ya yi yawa, dogon harshe rawaya ya dinga fitowa ta baki, kuma a nan ne gubar da za mu ambata a gaba ta fi taruwa.

Na huɗu regileta da tiyo. Regiletar girki an yi ta ne don ƙaramin matsi, ba za ta iya tura wannan wuta ba. Akwai ta musamman mai babban matsi, wadda ake juyawa a ƙara ko a rage, da tiyon da aka yi don gas. Abin da muke roƙo shi ne kada wani ya ce zai yi dabara: ya cire regileta ya haɗa kai tsaye, ko ya sa tiyon ban ruwa ya ɗaure da roba. A kai wa wanda ya san aikin gas ya haɗa, ya gwada a gabanka.

Masu sauraro, a nan nake so ku ƙara matso da rediyo, domin wannan ɓangare ya shafi har gidan da ba a ƙira.

Haɗari na farko, yoyon gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi, ya kwanta a lungu, a rami, a kwata, ya jira wuta. Warin da kuke ji ma da gangan aka zuba masa domin a gane yoyo. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a kaɗa sabulu a ruwa, a shafa a duk mahaɗa, daga kan tukunya har gindin bututun wuta, sannan a buɗe gas kaɗan a zuba ido. Idan ka ga kumfa tana tasowa, ƙwaya ɗaya na kumbura tana fashewa wata na biyo ta, to rufe tukunya, aikin yau ya tsaya. Ba a neman yoyo da ashana. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar gas ta Sabon Tasha ba, a watan Janairun 2020, wadda ta ci rayuka, har da shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, Farfesa Simon Mallam. Allah Ya kiyaye na gaba.

Haɗari na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba tana fitar da wata guba da masana ke kira kabon monokisaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ita ce ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufe. Murhun ƙira yana fitar da ita da yawa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai aiki sai ya ɗauka gajiya ce ko zafin rana, ya ce bari ya ɗan zauna, daga nan sai barcin da ba a tashi. Saboda haka ba a kunna murhun gas a ɗaki, ko shago mai ƙofa ɗaya, ko garejin mota. Rumfa ake so, mai inuwa a sama, iska na ratsawa ta kowane gefe. Wanda ya ji kansa ya fara sarawa, ya rufe tukunya ya fita fili nan take, idan bai warware ba a kai shi asibiti a gaya wa likita abin da yake yi.

Haɗari na uku, ita kanta tukunyar. A tsaye ake ajiye ta, a inuwa, nesa da murhu iyakar tsawon tiyo, ba ta gefen da wuta ke hurowa ba. Kun san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu, yakan taɓa digiri 40. Gas yana kumbura da zafi, shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, akan bar kusan kashi 20 cikin 100. Kada ka roƙi mai gas ya danna maka fiye da ƙa'ida. A duba shekarar da aka buga a jikinta. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sa wa tukunya wa'adin shekara 15. Wadda ta yi tsatsa a gindi ko ta lotsa, a rabu da ita. Wani abu kuma: idan ana jan gas da yawa, tukunya takan yi sanyi har ta yi raɓa, wuta ta rage ƙarfi, musamman ƙaramar tukunya a lokacin hunturu. Maganinsa babbar tukunya mai kilo 12.5, ko a tsayar da ita cikin baho mai ruwa, ko a huta. Ba a kusantar da ita wuta don ta ɗumama.

Ga tsarin kunnawa: a fara sa takarda mai ci a cikin murhu, sannan a buɗe gas a hankali, fuska a gefe. Wanda ya fara buɗe gas yana laluben ashana, ya tara wa kansa abin da zai tashi da girarsa. Wajen kashewa kuma tukunya ake fara rufewa, abin da ke cikin tiyo ya ƙone ƙarƙaf. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara kusa. Tufafi na auduga, domin rigar ƙwallo da yadin roba narkewa suke yi su manne a fata. Takalmi rufaffe, tabarau na kariya. Yara da awaki da kaji, a yi musu iyaka. Idan tsautsayi ya sa an ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai, sannan a nufi asibiti.

(Gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ƙirar wuƙa da wutar gas. Mun gama da wuta, bari mu koma kan ƙarfe.

Ba kowane ƙarfe ke zama wuƙa ba. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Rodin gini da falankin ƙofa kabon ɗinsu kaɗan ne, ko ba a san adadinsa ba. Za su ba ka siffar wuƙa, amma albasa biyu za ta yanka ta dakushe. Maƙeranmu sun daɗe da gano sifirin mota, wanda kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 0.6 cikin 100, ga tauri ga juriya. Tsohon magagari ya fi shi kabon, yana ba da kaifi mai kyau, sai dai ya fi saurin karyewa. Idan ka kara ƙarfe a dutsen injin gurza, duba tartsatsin: mai ƙarancin kabon dogayen layuka yake fitarwa, mai yawan kabon kuwa tartsatsinsa rassa yake yi yana fashewa. A duba tsohon sifirin da kyau, domin wanda ya sha hanya yakan ɓoye tsaga. Sannan a guji duk ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, irin bututun ruwa da kwanon rufi. Farin hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a maƙera wannan doka ce. Ana bugu ne idan ƙarfe ya yi ruwan lemo mai haske, wajen digiri 900 zuwa 1,100. Ya koma ja mai duhu, a mayar. Wanda ya ci gaba da bugu a kan ƙarfen da ya huce, yana sa masa tsagar da ba za ta bayyana ba sai ranar da aka tsoma shi a mai. A fara fitar da tsini, sannan gindin da zai shiga ƙota, sannan a bi baki ana sirantawa, ana juyawa gefe da gefe don kada ta karkace. Mai koyo kada ya fara da adda. Ya fara da ƙugiya da ƙusa, hannu ya saba da masaba, sannan 'yar wuƙa mai tsawon tafin hannu.

An gama siffa, sai a huce wa ƙarfe gajiyar bugu: a zafafa shi ya yi ja, a fitar a bar shi ya huce a iska, kamar sau 3. Sannan a gyara da magagari. Kada a wasa baki tukuna, a bar masa kaurin milimita 1, in ba haka ba zai murɗe ko ya tsage wajen tsomawa.

Yanzu ga inda wuƙa ke zama wuƙa. A rage wuta. A sami mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne, a ɗaure a sanda. Ana zafafa ruwan wuƙar ana fitarwa ana taɓa shi. Da farko zai cafke. Can sai ka kara ka ji shiru, mayen ƙarfe ya saki, kamar itace ka taɓa. Wannan yana faruwa a wajen digiri 770. A mayar wuta ja ya ɗan ƙara haske kaɗan, zuwa 800 da 'yan kai, launi ya daidaita daga tsini har gindi, sannan a zare da sauri a tsoma cikin mai, a tsaye, ana motsawa gaba da baya ta fuskar kaifi, ba gefe da gefe ba. Man gyaɗa ko man girki mai ɗan ɗumi ya wadatar, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, domin mai yakan kama da wuta, murfin ne zai kashe ta. Ba a zuba wa wutar mai ruwa. Baƙin man mota hayaƙinsa guba ne, a bar shi. Ruwa kuwa yana sanyaya ƙarfe da gaggawar da takan tsaga sifirin. Tsofaffin maƙera da ke tsomawa a ruwa shekaru suka yi kafin hannunsu ya san lokacin.

Ta huce, sai a goga magagari a bakinta. Idan ya ci, taurin bai kama ba, a sake. Idan ya zame yana ƙara siririya bai bar alama ba, an dace. Amma a wannan hali wuƙar tana da gautsi. Ta faɗi a siminti za ta iya karyewa biyu. Dole a sassauta mata. Mai tandun girki ya sa ta a digiri 200 na awa 2, ya bar ta ta huce, ya maimaita. Wanda ba shi da tandu ya goge ta ta yi fari, ya ɗora bayanta a kan wani ƙarfe mai zafi, ya zuba ido. Launi zai taso daga baya yana gangarowa baki: fari ya koma ruwan busasshen kara, ya koma ƙasa-ƙasa, ya koma shuɗi. Da ruwan kara ya iso baki, a ɗauke a tsoma. Shuɗi ya kai baki, an wuce gona da iri, kaifin ba zai daɗe ba.

Daga nan sai wasawa, sai ƙota, sai a kai wa baduku ya ɗinka kube. Kun ga wuƙa ɗaya ta taɓa mai tsohon ƙarfe, mai walda, mai gas, masassaƙi da baduku.

Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, ba ta ba mutum shaidar ƙwarewa sai wuƙarsa ta datse igiya mai lilo da sara ɗaya, ta sare katako, ta kuma aske gashin hannu bayan haka, sannan a matse ta a lanƙwasa ba ta karye ba. Mu ma muna da alƙalanmu: mahauci da uwargida. Ka ba su su yi mako suna aiki da ita, abin da suka faɗa shi ne sakamakonka.

(Gajeren kiɗa)

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Mu mutanen Gombe mun san abin da kaifi ya yi mana a hannun da bai dace ba. Sunan 'yan daban Kalare kaɗai ya isa ya tuna wa iyaye da yawa daren da ba su runtsa ba. Don haka duk wanda zai koyi ƙira a garin nan, ya san amana ya ɗauka. Wuƙar girki, wuƙar layya, askar wanzami, lauje, wuƙar dashen mangwaro, waɗannan ne aikinka. Wanda ya zo maka da zanen abin da ba ya yanka nama ba ya yanka ciyawa, sai dai a soke a ƙugu a fita da dare, ka ce masa a'a, ko nawa ya ajiye. Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba, kuma ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Tsakanin wannan umarni da wannan hani, an shata wa maƙeri hanyarsa.

Iyaye, idan yaro ya nuna sha'awar ƙira kada a kore shi da tsawa, domin zai je ya yi a ɓoye, kuma a ɓoye ne gas ke kisa. A zauna da shi, a ga me yake son ƙerawa, a kama hannunsa a kai shi wurin maƙerin da aka yarda da shi. Samari, ku je da ladabi. Ku gaida Baba, ku share rumfa, ku karɓi zuga, ku yi watanni kuna kallon launin ƙarfe kafin ku sayi ko da tiyo. Ku kuma iyayenmu maƙera, Allah Ya ƙara girma, ku buɗe wa yaran nan ƙofa ko da ba 'ya'yan gado ba ne. Su suna da waya da karatun ma'auni, ku kuna da ido da hannu. Idan aka haɗa, wuƙar da aka ƙera a Gombe za ta shiga kowace kasuwa ba tare da jin kunya ba.

Kafin mu rabu, ga abin da za a riƙe. Murhun gas a fili, ba a ɗaki ba. Ruwan sabulu kafin kowace kunnawa. Wuta a fara sawa, gas ya biyo baya. Wajen kashewa tukunya ce farko. Ba a yanka tsohuwar tukunya, ba a ƙona ƙarfe mai tutiya. Kuma ba a ƙera wa ɓarna makami.

Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai ji ba, musamman masu gas a gida. Allah Ya tsare mu daga gobara, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.  

(Kiɗan rufe shiri)